Ƙaramin Ludayi a Zauren Baba Malam

Da ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Alhamis harshen kakana ya karye, kuma a makon nan da muke ciki ne ya cika shekara bakwai a makwancinsa. Na riƙe lokacin ne saboda agogon bangon zaurensa yana saitin idona. Ya dawo daga sallar La'asar ke nan, ina zaune a tabarma ina yanka masa 'yan takardu da almakashi, shi kuma yana faɗa mini sunan wani tsohon marini in rubuta. Sai na ji sunan ya narke a bakinsa. Ya sake gwadawa, bai fito ba. Ya dube ni kamar mai ba da haƙuri. Bai ƙara furta wata kalma da muka gane ba har Allah ya karɓi abinsa bayan 'yan kwanaki. A lokacin mun ɗauka tsohonmu kaɗai muka rasa. Sai a bana na fara gane yawan abin da ya tafi da shi.

Sunansa Malam Tanimu, mu jikoki Baba Malam muke ce masa. Malamin firamare ne, kuma da ya yi ritaya bai nemi bencin hira ba. Ya share babban zauren gidanmu a nan cikin Ƙofar Kuyambana, ya shafe shi da farar ƙasa, ya shiga bin gidajen unguwa yana roƙon abin da mutane suke shirin jefarwa. Wannan ya ba shi ƙoshiyar saƙar kakansa, wancan ya ba shi tandu ko gafaka, wani akushin da ya tsage, wani muciyar marina da shuni ya cinye. Kowane abu sai ya ɗaura masa 'yar takarda da zare, ya rubuta da boko da ajami: sunan abin, gidan da ya fito, da wanda ya yi aiki da shi. Yara suka sa wa wurin suna gidan tarihi don tsokana, sunan kuwa ya zauna.

Amma abin da ya fi kawo manya shi ne bangon gabas. Nan ya jera manyan kwalaye, kowane gida da nasa, ya zana salsalarsu kamar rimi mai rassa: wane ya haifi wane, wane ya haifi wane. Na ga masu rabon gado sun zo sun tsaya gaban bangon nan suna nuni da yatsa. Na ga wani dattijo da ya zo daga Kaduna da hoton mahaifinsa, yana neman gidan da aka binne cibiyarsa, Baba Malam ya kama hannunsa har ƙofar gidan. Ni kuma tun ina aji huɗu na maƙale masa, don na fi jin daɗin zama da takarda fiye da zama da mutane. Magatakarda yake kirana. Idan baƙi suka shigo, bayan ƙofa nake laɓewa.

A bayan ƙofar nan akwai wani ƙaramin ludayi a rataye jikin ƙusa. Ba shi da ado, bai kai sauran kayan tsufa ba, kuma shi kaɗai ne ba shi da takarda. Na taɓa tambayarsa ko in yanko masa ɗaya. Ya yi dariya ya ce, “Bar shi, Magatakarda, wannan tarihinsa bai nuna ba tukuna.” Ban sake tambaya ba. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum.

Ya san aikinsa da giɓi, kuma bai ɓoye ba. Yakan ce shi iyakarsa zaure, abin da maza suka faɗa a zaure shi ya hau bango. Uba da kaka da kakan kaka duk suna nan. Mata kuwa sai dai a gefe, 'yar wane, matar wane. Wace ce ta riƙe ɗan wa, wace ce ta shayar da ɗan wa ranar da uwarsa ta kasa, wannan yana can cikin gida, a bakin tsofaffin mata, inda namiji baƙo ba ya shiga. “Ki ƙara girma,” in ji shi, “ke za ki shige mini.” Ni kuwa duk lokacin da ya faɗi haka sai in sunkuyar da kai, don ko gaisuwa idan ta wuce ina kwana ba na iya ƙarasawa.

Bayan rasuwarsa aka miƙa mini makullin zauren, ba don an zaɓe ni ba sai don babu wanda ya nema. Yanzu ina jami'a ina karanta tarihi, ranar Asabar nake buɗe wurin in share, in kakkaɓe, in duba inda gara ta ɓullo. Sau da yawa nakan zauna in tambayi kaina me zai ce da ya ga unguwar nan yau. Gidan marinan da ya zana wa salsala mai rassa da yawa an sayar, an rushe, an ta da shaguna na bulo. 'Ya'yan gidan sun watse, wasu Samaru, wasu Abuja, zumuncinsu ya koma cikin waya. Samari sukan shigo su ɗauki hoton bangon su tura wa dangi, amma akasarinsu reshe ɗaya suke nema, wanda zai haɗa su da wani babban malami ko mai sarauta. Ina jin zai yi murna da wayar, don mutum ne mai son sabon abu. Abin da zai hana shi barci shi ne yadda ake sanar da rasuwar tsofaffin matan unguwa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya zauna da su ya tambaye su komai. Ni ma ina jin sanarwar, in yi addu'a, in koma kan littafina. Kullum sai in ce idan na gama jarrabawa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka ta kasance mana. Na nemi izinin waɗanda abin ya shafa kafin in rubuta abin da zai biyo.

Bayan ƙaramar Sallah aka sa ranar yayana Nasiru da Hafsatu. 'Yar unguwa ce, katanga ɗaya ce tsakaninmu, tare muka yi islamiyya. Mahaifiyarta Mairo ta rasu tun Hafsatu tana ƙarama. Ranar da matan gidanmu suka kai lefe, ana tsakiyar buɗe akwatuna ana guɗa, wata tsohuwa da ake kira Iya Tabawa ta gyara zama ta ce, “Ikon Allah. Yaron da Mairo ta ba nono lokacin da uwarsa ta kwanta, yau shi ne zai ɗauki 'yarta.” Da murna ta faɗa. Waɗanda suke wurin sun ce nan take aka daina buɗe akwatunan.

Kowane Musulmi ya san abin da maganar take nufi. Idan Mairo ta shayar da Nasiru, to duk abin da ta haifa ƙannensa ne da yayyensa, har Hafsatu da ta zo duniya shekaru bayan haka. Babu aure tsakaninsu, yau ko gobe. Aka tsare Iya Tabawa da tambaya, ta rikice, ta ce ita ba ta gani ba, ji ta yi ana faɗa a lokacin. Wa ya faɗa? Ta lissafa mata biyu, dukkansu sun kwanta dama.

Abin da muka sani kaɗan ne. Nasiru yana ɗan wata huɗu ciwo ya kwantar da Ummanmu a asibiti, ta fi wata ba ta san inda kanta yake ba. Abba yana can wurin jinya, wanka kawai yake dawowa yi. Jaririn yana hannun kakarmu Hajiya, ita kuma ta riga Baba Malam rasuwa. Mairo a lokacin tana da goyo, kuma katanga ba ta raba maƙwabta irin na da. Komai ya yi daidai da maganar tsohuwar. Limamin unguwa ya ce “na ji an ce” ba shaida ba ce, ba ta haramta aure, amma idan za a samu wadda take wurin, a tambaye ta, maganarta ta fi. Yaya Nasiru ya ce shi ba zai zauna da mace yana kallonta yana tunanin ko ƙanwarsa ce ba. Aka ɗage biki ba tare da an sa wata rana ba. Telan riguna ne shi, na ga ya yini gaban keke bai taka ba. Hafsatu ta daina fitowa ko ƙofar gida.

Sai duk idanu suka dawo kaina. “Ke da kike da makullin tarihi,” in ji Abba, “duba mana.” Na duba. Na sauke kwalin gidanmu da na gidansu Hafsatu, na bi kowane reshe da kowane ɗan rubutu na gefe, na zazzage akwatin Baba Malam har ƙasa. Sunan Nasiru yana nan ƙarƙashin na Abba da kyakkyawan rubutu. Mairo tana nan a gefen mijinta, 'yar wane. Bango ya gaya mini duk abin da na riga na sani. Ban taɓa jin haushin wurin nan ba sai ranar. Ɗaki cike da tarihi, ga ɗan gidan yana ramewa, an rasa layi ɗaya da zai cece shi.

Babu abin da ya rage sai aikin da aka ce in girma in yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na sa hijabina na fara shiga gidaje, ina tsugunawa gaban matan da suka isa su haifi iyayena ina yi musu tambayar da ko a littafi nake jin nauyinta. Wata ta ce, “Ke 'yar nan ba ki da kunya ashe, ana ce miki salihar gidan Malam?” Wata ta ba ni labarin haihuwarta tara ba ta taɓo abin da ya kawo ni ba. Wata ta ce ai Mairo mace ce mai tausayi, ba za ta ga jariri yana kuka ta ƙyale ba. Duk gidan da na fita, sai in tarar labari ya riga ni zuwa na gaba, kuma ya ƙara kauri. Na fara tsoron cewa tambayata ce take mai da jita-jita gaskiya. Idan mata biyu suka gamsar da kansu cewa sun tuna, shi ke nan, ni da hannuna na rufe ƙofar.

A gidan wani mai ɗinkin hula ne wata makauniyar tsohuwa ta ce da ni, “Me ya sa kike wahalar da kanki? Hajiyarku ai ciwon ƙafa ya hana ta goyo a shekarar. Ladi aka ɗauko daga ƙauye ta riƙe yaron. Ko kun binne ta ne da ranta?”

Goggo Ladi ƙanwar Baba Malam ce. Ban taɓa ganinta a gidanmu ba sai ranar zaman makokinsa, kuma ko a ranar ba ta bi ta zaure ba, ta ƙofar baya ta shiga. Sun ɓata ne tun ina ƙarama, saboda ya ɗauki tasoshin jeren mahaifiyarsu ya jera a gidan tarihinsa. Ta ce ya mai da ɗakin uwarsu abin kallon 'yan makaranta, ta rantse ba za ta sake taka zauren ba. Daga nan ƙafa ta ɗauke, mu yara muka tashi da saninta a suna kawai. Abba ya dafe kai da na gaya masa. Ya ce tabbas ya tuna ganinta a tsakar gida a kwanakin, amma hankalinsa ba ya jikinsa. Yanzu tana zaune wurin ɗanta a Ƙofar Kibo. An gargaɗe ni cewa bakinta yana nan yadda yake, tunaninta ne yake zuwa yana tafiya.

Wannan gargaɗin ne ya raka ni har gidan. Idan na tarar ranar tafiyarsa ce fa? Idan kuma ta tuna, ta ce e? Na tsaya a ƙofar gidan har mai awara ta tambaye ni ko ɓata na yi.

Na same ta a bakin ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Na gaishe ta, na faɗi sunan Abba. Ta ƙare mini kallo.

“Jikar mai tara tarkace ce. Me kuma ya rage bai kwashe ba, aka aiko ki? Ni ce za a rataye a bango?”

Na ce ba abin da na zo ɗauka. Na fara bayani, ina in'ina, ina zagaye. Ta katse ni.

“Ke, buɗe baki. Kakanki surutu kamar aku, ke kuma kamar an ɗinke. Nonon wa kike tambaya?”

Na faɗa mata duka. Ta ajiye faifan gyaɗar, ta ƙura wa katanga ido, har na ɗauka tunanin ya tafi. Sai ta ce, “Ludayin yana nan?”

Ban gane ba sai da ta kwatanta shi da hannu. Na ce yana nan, bayan ƙofa.

Ta ce a bayanta Nasiru ya yi kwanakin nan, ko sallah za ta yi sai dai ta kwantar da shi gefen dardumarta. Kwana biyun farko ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Mairo ta jiyo ta katanga, ta shigo da nata goyon, ta karɓe shi ta ɗora a cinya, har ta kai hannu ga rigarta. Mata suna tsaye suna sa mata albarka. Sai ga Baba Malam ya faɗo tsakar gida ko sallama bai gama ba, ya ce don Allah ta dakata. Ya gode mata, ya ce unguwar nan gidajenta ba su da yawa, kuma duk masu tausayi ne, idan yau Mairo ta ba shi gobe wata za ta ba shi, ranar da yaron zai nemi aure sai ya fita bayan ganuwa. Ya ce a ba shi zuwa Azahar, idan dabararsa ba ta yi ba shi da kansa zai je ya roƙe ta.

“Na zage shi tas,” in ji Goggo Ladi. “Na ce jariri yana mutuwa kai kana lissafin aurensa, wannan wane irin boko ne? Ko kallona bai yi ba. Ya fita, sai ga shi da jar akuya mai 'ya, yana jan ta tana jan shi, babbar riga duk ƙasa. Malamin makaranta guda! Shi ya tatsa, ni na dafa, ya zauna da ludayin nan yana ɗiga masa. Ɗan banzan yaron ya karɓa kamar dama ita yake jira.”

Ta yi dariya har da tari, sannan ta share ido da bakin zane. Ban san ko dariyar ce ta kawo hawayen ba.

An sake sa rana, watan gobe ne idan Allah ya kai mu. Liman ya aika ɗan Goggo da wani dattijo sun sake ji daga bakinta, ta maimaita musu ba ragi ba ƙari, da zagin duka. Amma hankalina bai kwanta yadda na zata ba. Da Goggo Ladi ta riga mu gidan gaskiya a bara, ko da na same ta a ranar da tunaninta ya tafi, da yanzu mutum biyu sun rabu a kan abin da bai faru ba. Ko kuma, a wani gidan, mutum biyu su haɗu a kan abin da ya faru babu wanda ya sani. Wannan na biyun ya fi tsorata ni. Gidaje nawa ne a cikin ganuwar nan da amsarsu take bakin tsohuwa guda, tana ɓarar gyaɗa, babu mai zuwa?

Idan na auna abin da Baba Malam ya bari, kwalayen za su tafi. Gara tana cin su a hankali, damina tana taya ta, kuma akwai masu ganin zauren zai yi kyau da shago. Abin da ya tsaya shi ne irin tunanin da ya sa mutum ya dubi jariri ɗan wata huɗu ya hango masa ranar da shi ba zai gani ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sai kuma aikin da ya bar mini, wanda na yi shekara bakwai ina kauce masa. Yanzu Asabar ɗina ta rabu biyu, safe a zaure, yamma a cikin gidaje. Har yau sai na ɗan tsaya a bakin kowace ƙofa kafin in yi sallama. Na yanka wa ludayin takardarsa, na rubuta da boko da ajami yadda yake yi. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya ba mu ikon tambaya tun masu amsa suna raye.

A ranar dai, da yake ni mai bin diddigi ce, ban iya tashi daga gaban Goggo Ladi ba sai da na sake tambaya. Na ce, “Goggo, ko sau ɗaya? Ko kina barci, ko kin zagaya?”

Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da ɓara.

“Ke, da zanen goyon nake zagayawa. Je ki gaya wa Nasiru ya auri matarsa. In akwai wadda ta haramta gare shi a unguwar nan, to 'yar jar akuyar Tanimu ce, ita kuwa tun layyar shekarar da ta biyo muka cinye ta.”